Tica Kyari da Tsohonsa na Amurka

Shekara bakwai ke nan da muka kai Tica Kyari makwancinsa a Diffa. Waɗanda suka san shi ido da ido suna ta raguwa, matasan da ke koyarwa yanzu a makarantar sakandaren da ya yi aiki kuwa sunansa kawai suke ji a bakin manya. Shi ya sa na ga ya dace bana in zauna in rubuta abin da na sani game da shi, tun ina da sauran ƙarfin tunawa.

Ni mutumin Damagaram ne. Aikin gona na gwamnati ya kawo ni Diffa ina saurayi, da niyyar in ɗan taɓa aiki in koma gida, ga shi har na yi ritaya a nan. Kyari ne mutum na farko da ya kira ni cin abinci a gidansa. Babarbare ne, ɗan wani ƙauye a gaɓar kogin Komadugu, dogo, siriri, ba ya gaggawar magana. Ingilishi yake koyarwa, ɗalibai suka laƙa masa Tica, sunan ya bi shi har kasuwa da masallaci. Ni kuma bai taɓa kirana da sunana ba, Badamagare yake ce mini har ya bar duniya.

Ba a yin maganar Kyari a bar Tsoho. Tsoho wani marubucin littattafan ƙirƙira ne na ƙasar Amurka, wanda ya rasu tun kafin a haifi Kyari. Sunansa yana yi mana wuyar faɗa, shi ya sa a fadarmu ta shan shayi muka riƙa ce masa Tsohon Kyari, daga baya muka taƙaita zuwa Tsoho. Kyari ya fara haɗuwa da rubutunsa ne a Maine Sorowa, lokacin da yake ɗan kwalej. Wata Ba'amurkiya ƴar sa kai da ta koyar da su ta tashi komawa gida, ta bar wa ɗalibai kwalin littattafai. Sauran yara suka wawashe masu hotuna, Kyari ya zo a makare, ya tarar da guda ɗaya mai kauri wanda bangonsa ya cire. Ya ce mini ya shafe damina guda yana fama da shi da ƙamus, yana gadin gonar tattasai yana karantawa, kuma da ya kai ƙarshe sai ya koma farko. Daga nan ya shiga neman sauran littattafan mutumin. Wasu ya samo a Maiduguri, wasu a hannun masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi a Yamai, ɗaya kuma fassarar Faransanci ce da ya ce an zubar mata da rabin daɗinta.

Tarihin Tsoho mun sha jin sa har muka haddace. Kamar yadda Kyari ya ba mu, an haife shi a wani ƙaramin gari, a gidan da babu wadata. Bai yi nisa a makaranta ba, ya yi aikin ƙarfi, ya yi aikin jarida, sai da ya manyanta ya kama rubutu gadan-gadan. Littattafansa na farko ba su karɓu ba. Da wanda ya fito da sunansa ya shiga hannun jama'a, mutanen garinsu suka fusata, don kowa ya ga kansa ko maƙwabcinsa a ciki, har ya daɗe bai taka garin ba. Bayan ya mutu, jikokin waɗanda suka zage shi su ne suke alfahari da shi, ana karanta shi a makarantu, ana fassara shi cikin harsuna. Kyari yana jin daɗin wannan wurin ƙwarai. Yakan tsaya ya kurɓi shayi, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, kamar mu ne mutanen garin.

Littattafan ba na sarakuna ko jarumai ba ne. Manoma ne a ciki, da masu shago, da matan aure da suka gaji, da mashaya, da masu wa'azin da ke fama da zuciyarsu. Kyari yakan juya mana labarin zuwa Hausa, in wani wuri ya ƙi fita sai ya kama da Barbarci. Wata rana na ce masa, “Tica, me ya haɗa mu da mutanen da ke zaune cikin ƙanƙara?”

Ya ce, “Badamagare, mai shagon nan da na gama ba ku labarinsa, ba ka gane shi ba? Ka je wajen dillalan tattasai ranar kasuwa, yana nan zaune da hularsa.”

Aka yi dariya, don kowa ya san wanda yake nufi. Amma abin da ya fi so a wajen Tsoho ba wannan ba ne. Yakan ce mutumin ba ya barin mai karatu ya tsani kowa a arha. Kafin ya nuna maka mugu yana mugunta, sai ya kai ka gidansu, ka gan shi yana yaro, ka ga wadda ta goye shi. Ba ya wanke laifin, laifi yana nan yadda yake, sai dai ka rufe littafin kana jin nauyin mutumin a ƙirjinka. Shekara da shekaru Kyari yana faɗa wa ɗalibai wannan, suna rubutawa don jarrabawa. Mu ma muna gyaɗa kai, don a lokacin babu abin da maganar za ta ci mana.

Sai shekarar 2015 ta zo. Wanda ya zauna a Diffa a lokacin ba ya bukatar in tuna masa. Mayaƙan daji suka fara tsallako kogi, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, cinikin tattasai da na kifi ya tsaya, ƙauyukan bakin ruwa suka watse. Mutanen da a da suke cika motoci da buhunan jan tattasai suka koma zama cikin bukkokin kara da leda suna jiran rabon abinci. Ƙauyen su Kyari yana cikin waɗanda suka tashi. Ƙanensa Modu, wanda ke riƙe da gonar gidansu, ya kawo matarsa Bintu da ƴaƴansu gidan Kyari, sannan ya koma tare da wasu maza don su ɗauko injin ban ruwa da suka bari a bakin kogi. A can aka rutsa da su. Gawarsa aka kawo.

Kyari ya yi wata da watanni bai ambaci Tsoho ba. Yana zuwa fada, ya zauna, ya sha shayi, ya tashi. Da na gaji da shirun, na tambaye shi ko yana ɗan karatu don ya rage tunani. Ya ce ya kwashe littattafan ya zuba cikin akwati ya tura ƙarƙashin gado. “Tsoho bai ga irin wannan ba,” in ji shi. “Da ya gani, da bai rubuta abin da ya rubuta ba.” Ban ƙara tayar da maganar ba.

Sauran danginsa suna Assaga, inda masu gudun hijira suka yada zango, kuma duk ƙarshen mako yakan kai musu abin da ya samu. Ni ma aiki yana kai ni can, sai muke tafiya tare. A gefen zangon akwai wata bukka da ta ware daga saura, kamar an ture ta. Ta wata dattijuwa ce, Ya Gana, ƴar ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu. Ɗanta Bukar ya bi mayaƙan tun kafin a watse. Wasu sun ce an gan shi a bakin kogi ranar da aka kashe su Modu, wasu sun ce ba shi ba ne, babu wanda ya tabbatar. Amma hukuncin zango ya riga ya faɗa kan uwar. Ba a gaishe ta. A wajen famfo, in ta ajiye jarkarta a layi, ta bayanta sai ta ja tata baya. In an yi rasuwa ba a gaya mata.

Mun sha wuce bukkar nan, Kyari yana kawar da kai. Ran nan muna cikin tafiya da hantsi sai na ga ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, sannan ya juya ya nufi ƙofar ya yi sallama. Na bi shi don ban san abin da zai yi ba, kuma gaskiya na ji tsoron abin da zai fito daga bakinsa. Da Barbarci suka yi magana, amma zaman da na yi a ƙasar ya sa ina ji.

Ta fito tana gyara mayafi, ta dube shi, ta ce, “Malam, ka san ko ni wace ce?”

“Na sani, Ya Gana. Ke kin san ni?”

“Kai ne yayan Modu.”

“Ni ne. Ki ba mu tabarma.”

Ta shimfiɗa mana wata tsohuwar tabarma. Ta zauna nesa, kanta a ƙasa, tana jiran zagi. Sai Kyari ya ce, “Ban zo tambayarki inda yake ba. Ki gaya mini yadda yake lokacin da yake yaro.”

Ta ɗago ta dube shi kamar ba ta ji daidai ba. Sai ta fara, da ƙyar da farko, daga baya maganar ta ɓalle mata. Ta ce Bukar yana da i'ina, yara suna yi masa dariya, shi ya sa ya fi son zama shi kaɗai a bakin ruwa. Ta ce ya iya gyaran rediyo ba tare da kowa ya koya masa ba. Ta ce ba ya cin abinci sai ya tabbatar ta ci. Da ya girma ya so ya yi aure, abin ya gagara, sai ya fara zama da wasu samari da ba ta san iyayensu ba, ya daina dariya, ya fara gyara mata sallarta da faɗa. Ranar da zai tafi ta riƙe masa riga a ƙofar gida, ya zare jikinsa ya bar mata rigar a hannu.

Kyari bai ce mata komai na lallashi ba. Ya saurara har ta gama, ya yi mata sallama, muka tashi. Duk zangon yana kallonmu. A mota na ce, “Tica, Tsoho ne ya aike ka?”

Ya ce, “Tun ina saurayi nake yabonsa a gaban yara. In na kasa zama a kan tabarmar nan, ashe surutu kawai na yi ta yi.” Ya ɗan jima ya ƙara da cewa, “Kada ka zaci daɗi na ji.”

Mako na gaba ya koma, da na bayansa. Magana ta riga mu isa Diffa. Aka ce Tica Kyari yana da alaƙa da mutanen daji, aka ce saƙo yake kai musu ta hannun tsohuwar. A wancan lokacin irin wannan magana tana iya hallaka mutum. Fadarmu ta rage, wasu da muka yi shekaru muna shan shayi tare suka sami uzurin daina zuwa. Iyaye suka janye ƴaƴansu daga darasin da yake ba su a gida. An taɓa kiransa aka yi masa tambayoyi, ya amsa, aka sallame shi, ya dawo ya ce masu tambayar aikinsu suke yi, kuma da shi ne a kujerarsu da ya yi tambayar.

Duk wannan bai taɓa shi kamar maganar Bintu ba. Ina zaure ranar da ta tare shi a tsakar gida, muryarta ba ta tashi ba amma ana ji. Ta ce, “Yaya, ƴaƴan ƙanenka suna cikin gidan nan suna tambayata ina babansu. Kai kuma kana can zaune wajen uwar wanda ya kashe shi.”

Ya ce, “Ba mu san ko shi ne ba, Bintu.”

“In shi ne fa?”

“In shi ne, ba ita ba ce.”

Kafin mako ya zagayo ta kwashe yaran ta koma gidan wanta a wata unguwa. Kyari ya ci gaba da aika musu da hatsi da kayan makaranta, tana karɓa saboda yaran, amma ta daina gaishe shi. A nan ina ganin abokina ya yi kuskure, kuma na gaya masa yana raye. Ya kamata ya fara zama a tabarmar Bintu kafin ta Ya Gana. Mutum ne mai taurin kai, in ya ga abu daidai ne sai ya manta cewa na kusa da shi ma suna da ciwo. Ya yarda da ni, amma bai daina zuwa Assaga ba.

A hankali abubuwa suka ɗan sassauta a zangon. Wata gwaggon Kyari ta ce tunda yayan mamaci yana gaishe da matar, ita ba ta ga dalilin da zai sa ta fi shi fushi ba. Wasu mata suka bi bayanta. Da iska ta yaye rufin bukkar, aka sami waɗanda suka ɗaure mata. Ba kowa ba, akwai waɗanda har yau ba su amsa sallamarta. Bukar bai dawo ba. Wani daga cikin samarin da suka tuba suka miƙa wuya ne ya kawo labarin cewa ya mutu a daji. Ko yana bakin kogi ranar Modu, wannan ya tafi da shi.

Littattafan kuwa sun fito daga ƙarƙashin gado. Kyari ya koma karanta su, amma ya daina ba da labarinsu da irin nishaɗin da. Ya ce mini da can yana ganin Tsoho gwanin rubutu ne, yanzu ya gane mutum ne da ya sha wuya kafin ya iya duban waɗanda suka cuce shi ya rubuta su da adalci. Ya janye maganar da ya yi cewa Tsoho bai ga irin wannan ba. Ya ce kowane zamani da irin nasa, kuma babu wanda zai yi irin wannan rubutu bai taɓa binne wani nasa ba.

Tun muna samari yake cewa zai rubuta littafin Komadugu, da masuntanta da manoman tattasai da matan da ke tsallaka ruwa da ƙwarya a ka. Bai rubuta ba. Ciwon ƙoda ya kama shi, aka kai shi Damagaram, aka dawo da shi gida. Da na je duba shi na tuna masa alkawarin, don in sa shi dariya. Ya ce, “Badamagare, ni mai karatu ne. Na daɗe da sanin haka, kunya ce ta hana ni faɗa.” Bai daɗe ba bayan wannan Allah ya karɓi abinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Diffa ta yau. Tattasai ya dawo kasuwa, ko da yake manomi yana shiga gonarsa ne yana waige. Wasu ƙauyuka sun koma mazauninsu, wasu yaran da aka haifa a zango sun girma ba su san wani gida ba sai shi. Samarin da suka tuba suna cikin unguwanni, wani yana walda, wani yana ɗinki, mutane suna kai musu aiki ko suna tsallake shagonsu, kowa da abin da zuciyarsa ta iya ɗauka. Na tabbata da yana nan da ya shiga shagunan nan ɗaya bayan ɗaya ya zauna, kuma da an sake yi da shi. Na kuma tabbata da ya yi ta mita a kan yadda labari ke yawo a waya yanzu, a nuna fuskar mutum a yanke masa hukunci kafin shayi ya tafasa. Ɗalibansa da yawa sun zama malamai da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, Ingilishin da ya koya musu ya ba su abinci. In na haɗu da su nakan tambaye su ko suna tuna Tsoho. Yawanci sunan littattafan ya ɓace musu. Abin da suke tunawa shi ne Tica yana tsaye gaban allo yana hana su kiran wani a cikin labari mugu sai sun faɗi abin da ya same shi.

A can ƙasarsu, an ce, masana suna ta rubutu a kan abin da Tsoho ya bari. Ni ban yi karatun da zan sa baki a wannan ba. Abin da na gani da idona ya faru ne a zaman makokin Kyari. Ya Gana ta zo daga Assaga, ta zauna a bakin ƙofar ɓangaren mata, kusa da takalma, ba ta shiga ba. Bintu tana ciki, ta dawo gidan tun da ciwon ya yi tsanani, ita ce ma take dafa masa kunu a kwanakinsa na ƙarshe, ko da yake ba su taɓa komawa kan tsohuwar maganar ba. Matata ta ce mini da mutane suka ragu, tsohuwar ta matsa ta yi wa Bintu ta'aziyya, sannan ta ce, “Malam ya gaya mini mijinki yana yaro ya taɓa faɗawa kogi garin ceton ɗan akuya.” Bintu ba ta taɓa jin wannan labarin ba. Ashe duk zuwan da Kyari yake yi, ba sauraro kawai yake ba. In ta ba shi labarin Bukar, shi kuma sai ya ba ta na Modu, tun daga yarinta har girma, abubuwan da ya kasa faɗa a gidansa don kada ya sa kowa kuka.

Da sallar da ta wuce na je gaishe da Bintu. Yaran sun girma, babban har ya fara koyon aiki. Na tarar ana ɗaure ƙullin abinci, na tambayi na wane ne, ta ce na Ya Gana ne, tsohuwar ba ta iya tafiya sosai yanzu. Na ce ashe an shirya. Ta girgiza kai.

Ta ce, “Baba, ban yafe wa wanda ya kashe mijina ba, ko wane ne shi, sai mun tsaya gaban Allah. In ɗanta ne, ta sani, na gaya mata a fuskarta. Amma iyayen Modu sun tafi, gwaggonsu ta tafi, Yaya ya tafi. Duk duniyar nan ita kaɗai ta rage da za ta gaya wa yaran nan yadda ubansu yake yana ƙarami. In sun je can ba sa son tasowa.”

Allah ya jiƙan Tica Kyari, ya jiƙan Modu, ya ba ƙasarmu lafiya.